Kofin Kunu a Ƙofar Asibiti

Shekara ashirin da bakwai ina sayar da tamal, wato alalar masara, kusa da Doña Casilda a ƙofar asibiti a garin Xela, ita tana sayar da kunun masara. Yanzu ƙafafunta kumbura suke, sai ta zauna a kan bokiti. Halinta ɗaya, ba ta iya ganin yaro yana kuka. Kafin uwar ta ce uffan ta miƙa masa kofi, kyauta.

Jikanta Wilmer ta riƙe tun da uwarsa ta tafi arewa, ƙetaren iyaka, neman aiki. A wajen wanka ta lura gefe ɗaya na marainansa wayam, ɗayan a kumbure. Likita Ixcot ta duba, aka ɗauki hoto, ta ce 'ya'yan marainan biyu hanya ɗaya suka bi, kuma in aka daɗe ba a gyara ba, haihuwa za ta iya gagararsa. Wata goma sha huɗu Casilda tana jiran ranar tiyata.

Ranar ta zo. An ce kada ya ci kada ya sha, amma tukunya ba ta san da haka ba, dole a kafa ta kafin ƙarfe bakwai. Wilmer, yaro ɗan shekara uku, ya ji ƙamshin kirfa ya ɓare baki. Tana ba wani canji, ɗayan hannun ya yi abin da ya saba.

"Casilda, uwar 'yan kyauta, me kika ba shi?" na ce.

"Kurɓa biyu ce fa, 'yar'uwa."

Likita ta ce ko ɗaya ce ba za a sa shi barci ba, kunun zai iya komawa huhunsa. Aka ɗaga zuwa wata biyar.

Ta dawo ta zauna a kan bokitinta, ba ta yi kuka ba. Ni ma na gaji da ba da haƙuri. Can ta ce, "Yaran nan da nake ba su kunu da safe, waɗanda suka kwana a mota daga ƙauye, nawa aka mayar gida saboda ni?"

Abin ya yi mini ciwo.

Da wata biyar ta cika, ni na goya Wilmer na shiga da shi ta ƙofar baya, nesa da ƙamshin kunu, aka yi aiki lafiya. Casilda tana nan da tukunyarta. Yanzu in yaro ya yi kuka, sai ta cusa hannunta a aljihu, ta tambayi uwar, "Yau za a yi masa aiki?"