Gwiwar Iya Lasisi

Iya Lasisi ta yi shekara hamsin tana daddawa a unguwarmu a Iseyin, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce ta gaji. 'Yar ƙaramar mace ce, amma bakinta ya fi ƙarfin unguwa. Tana da shekara saba'in da huɗu, wata safiya ta ɗauko kwandon kalwa, ƙafa ta goce, sai ga ta a ƙasa kusa da murhu. Ba ta karye ba. Abin da ya ci mata rai shi ne ta kasa tashi, tana nan zaune har mai tallan burodi ta leƙo ta ɗaga ta.

Kafin la'asar labari ya kai Legas. Lasisi, ɗanta na fari, ya bugo waya ya ce bayan Babbar Sallah zai zo da mota ya tafi da ita.

"In je in zauna ina kallon bango? Wa zai duba mini kalwa?"

"Mama, in kin sake faɗuwa wa zai ɗaga ki?"

"Ni zan ɗaga kaina."

"To, ranar da na zo ki nuna mini. In kin iya, na bar ki."

Ta kashe waya. Wata uku kacal ya rage, kuma ko sallah ta daɗe da komawa yi a kan kujera.

Bolanle, nas ɗin asibitin unguwa, ta zo ta nuna mata abin yi: ta tashi daga kujera sau goma ba dafawa, ta riƙe bango ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta riƙa ɗaga gorar ruwa cike da yashi. Iya Lasisi ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ni da jikoki goma sha ɗaya in tsaya da ƙafa ɗaya kamar zakara? Ke Bolanle, ki ji tsoron Allah."

Bolanle ta yi dariya, ta durƙusa ta yi sallama, ta miƙe zumbur. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Mama, yaushe rabonki da ki durƙusa wa wani?"

Tambayar ta tsaya wa tsohuwa a rai. Tana amarya a gidan nan, kafin rana ta ɗaga ta kai gwiwa ƙasa sau talatin, daga surukai har yayyen miji. Yanzu kowa ita yake durƙusa wa, ita kuwa sai dai ta sa albarka daga zaune. Girma ne ya cinye mata gwiwa. Ta lissafa unguwar kaf, ta tarar mutum ɗaya ce ta girme ta: Alhaja Sariyu, mai shekara casa'in da ɗaya, wadda rabonsu da magana shekara goma sha tara, tun ranar da akuyar Alhaja ta cinye mata dafaffiyar kalwa tire guda.

Washegari da sassafe ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan. Alhaja tana kan tabarma a baranda. Iya Lasisi ta kama ginshiƙi, ta ɗan rusuna iya inda gwiwa ta yarda.

"Mun kwana lafiya, Yaya?"

Alhaja ta leƙo ta saman tabarau. "Wannan gaisuwa ce, ko allura kike nema a ƙasa?"

Ta haɗiye, ta koma gida tana huci. A ranar ta rufe ƙofar ɗaki ta fara tashin kujerar Bolanle, har da tsayuwar zakaran, don kawai kada tsohuwar nan ta sake yi mata dariya.

Bayan mako uku gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa. Bayan shida, duka biyun. Alhaja kuwa ta gano dawar garin tun ranar farko, sai ta shiga jan gaisuwa: ya yara, ya na Legas, ya kasuwa, ya ruwan jiya, ya kaji. Iya Lasisi tana durƙushe cinya na rawa, ita kuma tana ƙaro tambaya.

"Na san ba don Allah kike gaishe ni ba," in ji Alhaja wata rana. "Tashi, sake. Kuma saki ginshiƙin nan, ba mijinki ba ne."

Kwana biyu bayan Sallah Lasisi ya iso, ya tarar ba kowa a gida, aka nuna masa gidan Alhaja. Ya shiga ya ga uwarsa durƙushe. Shi ma dole ya zube rub da ciki ya gaida babba kamar yadda al'adar Yarbawa take, shi da tumbinsa da babbar riga. Da aka gama gaisuwa Iya Lasisi ta kafa ƙafa ɗaya, ta miƙe tsaf ba ta dafa komai ba. Lasisi yana can yana nishi yana laluben inda zai kama. Ta miƙa masa hannu.

"Taso, ɗana. In ka faɗi a Legas wa zai ɗaga ka?"

Alhaja ta yi dariya har da tari. Da ta lafa sai ta kamo hannun rigarsa, muryarta ta yi ƙasa.

"Lasisi, ka bar mini ita. Duk waɗanda suka san ni da ƙuruciya sun tafi. Ita kaɗai ta rage da zan yi faɗa da ita."

Iya Lasisi ta kau da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Da yamma mota ta koma Legas da ƙullin daddawa a kujerar baya. Washegari ba sauran abin da za ta nuna wa kowa, amma da sassafe muka gan ta ta nufi gidan Alhaja, riƙe da ɓawon rogo na akuya.