Baffa da Jar Karsana a Hayin Rami

Damina ta same ni a rami, ta gefen Khaddamari, shekarar da aka tura mu gadin ganuwar da aka haƙa wa Maiduguri. Duk wanda ya ce maka soja kullum cikin faɗa yake, bai taɓa zaman rami ba. Aikinmu jira ne. Ka zauna bayan buhunan yashi, ka kafa wa ciyawa ido tun safe, ta motsa gabanka ya faɗi, ta sake motsawa ya sake faɗuwa, har rana ta yi ƙasa ba abin da ya fito sai kare ko zomo. Gari ya waye ka sake sabon zama.

Ramukan iri biyu ne. Akwai babban, wanda katafila ta haƙa, mai faɗi da zurfin da mota ba ta tsallakewa. A bayansa, ta ɓangaren gari, namu ƙanana suke, an ja musu tamfol a sama, nan muke ci nan muke kwana. In aka yi ruwa, ramin ya cika har idon sawu, mu yi ta kwarfewa da hular kwano. An hana cire takalmi sai da dalili, ga shi ƙafafuna sun yi cin ruwa, tsakanin yatsun ya yi fari ya tsage, ƙaiƙayi kamar in yanke su in huta. Sauro kuwa ba ya jiran dare. Shinkafa da wake ta iso a sandare, mu ci muna zagin mai dafawa, gobe ma mu ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in iska ta juyo, ina jin kiran sallar gari. Gidanmu yana Bulumkutu, tafiyar keke napep ce, amma da a ce a Legas yake da hankalina ya fi kwanciya. Ban iya zama wuri ɗaya ba. In tashi, in leƙa, in zauna, in kwance bindiga in goge abin da na goge ɗazu.

Abokin ramina Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, saboda haka ba mu rasa abin yi da baki.

"Kai Fulani," in ji shi, "sandar ce ta ɓata aka ba ka bindiga? Zauna mana, kana sa ni jiri."

Ni kuma in ce masa bawana ba ya ba ni oda. Da wannan muke kashe yini.

Wurinmu yana daf da ƙofa. Ƙofar ba wata aba ba ce, wuri ne da aka bar ƙasa ba a haƙa ba, aka gitta ƙarfe. Da safe a ɗaga ƙarfen, manoma da mata masu itace da 'yan makiyayan da suka rage su fita. La'asar sakaliya kowa ya dawo, a saukar da ƙarfe, a gitta babbar mota, ba mai sake buɗewa sai gari ya waye. Bayan an rufe, duk abin da ya motso daga daji wuta ce. Shanu ma ba su tsira ba, don mutanen daji, 'yan ta'addan da muke tarewa, sun taɓa koro garke a gaba suna ɓoye a bayansa.

Cikin masu fita kullum akwai Baffa, yayan mahaifina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa. Danginmu makiyaya ne a da. Fari ya ci rabin dukiyar, ɓarayi suka kwashe saura, kowa ya shigo gari ya zama dillali a kasuwar shanu ta Gamboru. Baffa kaɗai ya ƙi. Ya ce shi ba zai tsaya yana yaba saniyar wani don a saya ba. Ya riƙe 'yan shanunsa da ba su taka kara sun karya ba, cikinsu har da wata jar karsana, wadda ita kaɗai ta rage daga jinin garken kakanmu. Yadda yake kallon karsanar nan, ban taɓa ganin ya kalli ɗan Adam haka ba.

A gidanmu ba a haɗa ido da Baffa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Da aka kawo ni ƙofar nan sai abin ya zame mana wahala mu biyu, don soja a bakin aiki ba ya durƙusawa. Shi ya samo mana mafita. In ya zo wucewa sai ya mai da kansa wajen shanu kamar bai gan ni ba, ni ma in duƙufa gyaran igiyar takalmi.

Ran da abin ya faru, tun da safe na ga karsanar ba daidai take ba. Cikinta ya sauka, hantsarta ta cika, tana tafiya tana tsayawa. Ko makaho ya shafa ya san haihuwa ta zo. Maganar ta zo mini har baki, in ce Baffa a bar ta a gida yau. To, amma ni wa? Ni zan koya wa Baffa saniya, a gaban mutane, ina sanye da kaki? Na haɗiye, na sunkuya kan takalmina, suka wuce.

Yinin ranar ban ci abinci ba. Hadari yana ta haɗuwa ta gabas, zafi ya dame, tamfol yana turiri. Da la'asar mutane suka fara dawowa, mata da itace a ka, manoma da fartanya. Ina ta miƙa wuya. Can sai ga shanun Baffa tare da wani makiyayi maƙwabcinsa, babu Baffa, babu jar karsana. Mutumin ya matso ya ce mini ta kwanta haihuwa a bakin wata fadama, ɗan ya zo da gardama, ya yi ya yi da Baffa su taho, Baffa ya ce ya wuce da sauran.

Na ruga wajen sajenmu. Mutumin kudancin Borno ne, ba shi da mugunta, amma ya binne yaransa sojoji da yawa, bai da sauran wasa.

"Oga, Baffana yana waje. Tsoho ne. A ɗan ƙara masa lokaci."

Ya dubi agogo, ya dubi daji. Ya ƙara, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai da oba-oba, rediyon da ke hannunsa, ta yi ta kiransa ana tambayar dalilin da ƙofarmu take buɗe, sannan ya ce a rufe. Da hannuna na taya saukar da ƙarfen.

Na koma rami na kasa shiga. In hau buhu, a ce in sauka. In sauka, in sake hawa. Haushin Baffa nake ji kamar in fashe. Tsoho da hankalinsa, ya san doka sarai, zai sayar da ransa a kan dabba! Ina zaginsa a zuci ina roƙon Allah ya fito da shi, duk a numfashi ɗaya. Abokina Babarbare bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, nan na san shi ma ya tsorata.

Rana ta kusa faɗuwa sai ciyawa ta buɗe daga nesa. Na ji an ɗana babbar bindiga a gefena. Wani abu ja ne yake tahowa, a gabansa mutum, da kaya a saɓe a wuya.

"Kada ku harba!" na ce. "Oga, shi ne! Duba, yana gaba tana bin sa. Mai saniya gaba yake shiga, ɓarawo ne yake korowa daga baya. Wallahi Baffana ne!"

"Na ji Baffanka ne," in ji saje. "Mene ne a wuyansa? Wa ya tare shi a daji, me aka ɗaura masa a ciki? Ka sani? Sun sha aiko mana tsofaffi." Ya kama kafaɗata. "Kai zai ji. Tsayar da shi, ya ajiye kayan, ya ɗaga riga. In ya iso bakin ramin nan bai tsaya ba, ba ruwana."

Na ɗaga murya na ce ya tsaya. Baffa ya ɗago kai, ya gane ni, sai ma ya ƙara sauri. A ganinsa ya iso gida, tunda ga ɗansa. Yana tahowa, ina jin numfashin mai babbar bindiga. Ban san lokacin da na saki harsashi sama ba. Na sauke bakin bindigar na saita ƙirjin mutumin da ya yi mini kaciya, ya yi mini aure.

"Kai tsoho! Tsaya nan! Ajiye abin da ke wuyanka!"

Da Hausar bariki na yi masa, don bakina ba zai iya furta wannan da Fulatanci ba. Ya tsaya cak. Ya sauke kayan a hankali, ashe ɗan maraƙi ne, jiƙe, ƙafafunsa suna rawa.

"Ɗaga riga! Sama! Juya! Durƙusa!"

Ya ɗaga. Ban taɓa ganin cikin Baffa ba sai ran nan, haƙarƙari a jere, da wata tsohuwar laya a ɗaure a kugu. Ya juya, ya durƙusa a cikin taɓo, riga a wuya, yana kallona. Wannan karon ni ma ina kallonsa, ido cikin ido, don aikin ya hana ni sunkuyar da kai.

Saje ya ce ya tsallako ta cikin rami. Baffa ya rungumi maraƙin ya gangara, ya nutse cikin laka har gwiwa, abokina ya jefa masa igiya muka jawo su. Karsanar ta tsaya a hayi tana kuka. Ta sa ƙafa a gangaren ta ja da baya, ta sake gwadawa ta kasa.

"Ku buɗe mata," in ji Baffa. Saje yake yi wa magana, ba ni ba. "Yanzu ta haihu. Ba za ta bar ɗanta ba."

Saje ya ce ko uwarsa ce a waje ba shi da ikon taɓa motar nan. Maraƙin ya yi kuka, uwar ta haukace, ta kama gudu a gefen ramin tana neman hanya, ta nufi wajen 'yan uwanmu sojoji na ramin gaba. Saje ya fizgi oba-oba yana cewa saniya ce, saniya ce kawai, a bar ta. Bai rufe baki ba muka ji wuta.

Daga nan ba mu ganin ta, amma muna jin ta. Baffa ya saurara, ya ce, "Da sauran ranta. Ku bar ni in sa mata wuƙa, kada ta tafi mushe." Saje ya girgiza kai. Sai a lokacin Baffa ya juyo gare ni. Jira yake in sa baki. Na ce masa ba hali. Muna tsaye har kukan ya yanke, aka kira magariba a gari, ruwa ya sauko. Ya saɓa maraƙinsa ya shiga gari, ko sallama bai yi ba.

Na san na ceci ransa. Abokina ya faɗa mini, saje ya faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina har na gaji. Duk da haka ban runtsa ba a daren nan.

Da safe aka ɗaga ƙarfe, mutane suka yi layi. A ƙofarmu ba ma sa tsofaffin da muka sani ɗaga riga, hannu kawai muke ɗaga musu su wuce. Na hango Baffa da sauran shanunsa, na sunkuya kan takalmina ina jiran ya wuce. Bai wuce ba. Na ga ƙafafunsa sun tsaya a gabana. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya tattare rigarsa har wuya, ya juya mini baya, ya juyo, mata masu itace suna kallo.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in wuce?"

Na ce ya wuce. Haka ya yi ta yi mini kowace safiya, ni kaɗai, har aka ɗauke mu daga ramin.