Shuɗin Kifin Tobashiyata

Ina ajin farko na lise, wato babbar sakandare, na mallaki akwatin gilashi na kiwon kifi. Malaminmu na kimiyya ne ya bar mini shi da aka mayar da shi Damagaram, don ba zai shiga kar, wato bas, da shi ba. A ciki akwai ƙananan kifayen da ake kira gupi, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Mazan suna da jela mai faɗi da launi kamar bakin mayafi, matan kuwa toka-toka ne, da manyan ciki. A unguwarmu ta tsohon garin Agadez yara da yawa ba su san kifi ba sai busasshe a kasuwa.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa sai in yi shiru. Amma a kan kifayen nan na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi. Ruwan pampo sai ya kwana a bokiti kafin in zuba musu. Lokacin zafi nakan jiƙa tsohon zane in rufa wa gilashin. In an ɗauke wuta injin da ke ba su iska ya tsaya, nakan zauna da kofi ina ɗiban ruwan ina mayarwa daga sama.

Mutum ɗaya ne yake sauraron bayanina har ƙarshe, shi ne yayana. Yana aiki a wurin haƙar zinariya a Djado, sai ya yi watanni bai zo gida ba. In ya zo, bayan la'asar yakan kawo kayan shayinsa ƙofar ɗakina, ya miƙe ƙafa yana kallon ruwan.

"Ƙanwata, a can ko ruwan wanke fuska sai an auna maka," yakan ce. "To, faɗa mini, waccan mai cikin yaushe za ta haihu?"

Sai in yi ta bayani, shi kuma yana gyaɗa kai. Ban taɓa tunanin wannan zaman zai zama na wani ba.

A shekara ta gaba ƴar gwaggona ta zo daga Fachi, garin haƙar gishiri, don ta yi karatu a gidanmu. Tobashiyata ce, tobashiyar yaya kuma, wato tsakaninmu wasa ne, kuma ba a fushi da abin da tobashi ya yi. Takan sa takalmina ta fita, in na yi magana ta ce, "Baiwata, yaushe kika fara mallakar kaya?" Kowa ya yi dariya. Kafin ta yi wata ɗaya ta san duk matan unguwa, waɗanda ni da aka haifa a nan ba na iya haɗa ido da su.

Da yaya ya dawo, ya wuce Yamai sayen kayan injinsa. Ranar da ya iso gida yana riƙe da ƙaramar kula, ya buɗe ta a tsakar gida ya fito da leda mai ruwa. A ciki akwai kifi guda, shuɗi kamar sabon rini, jelarsa tana jan ruwa kamar babbar riga. Na riga na miƙa hannu. Sai ya wuce ni ya ba ta.

"Ga naki, ƴar gishiri. Kin ce a garinku ko kwaɗo babu."

Na mayar da hannuna cikin hijabi. Na san kifin daga hoto. Kombatan ake ce masa, wato mai faɗa.

"To a ina zan sa shi?" in ji ta.

"A zuba shi cikin na ƴar'uwarki mana," in ji Inna.

Na tattaro duk ƙarfina na ce ba zai yiwu ba. Na ce irin wannan kifin in ya ga jela mai faɗi da launi, ɗauka yake abokin gaba ne, zai yayyaga mazan gupina.

"Lahaula! Kishi!" Tobashiyata ta tafa hannu. "Inna, dubi fuskarta. Wallahi da kifi take kishi."

"A gidan nan kwano ɗaya ake ci," in ji Inna. "Kifi ne zai fi mutane? Kuma ai ba a hana tobashi masauki."

Yaya ma dariya yake yi. Abin da ya fi ƙona ni shi ne maganata gaskiya ce, tata ma gaskiya ce.

Ni na sa shi da hannuna. Na ɗora ledar a kan ruwan akwatin har sanyinsu ya zo ɗaya, sannan na buɗe. Daga ranar na fara jira. Da safe kafin in tafi lakwal, wato makaranta, nakan duba jelar kowane namiji, ina neman ko ɗan tsagewa da zan nuna wa Inna. Babu. Shuɗin kifin yakan kwanta a kan ganye kamar mai gida bayan cin tuwo, ko kallon nawa ba ya yi.

Mutane kuwa shi suke kallo. Matan maƙwabta suka fara shigowa ɗakina, abin da ba su taɓa yi ba, tobashiyata tana gaba tana cewa, "Ku zo ku ga nawa." Wata ta nuna gupina ta tambaya ko abincinsa ne. Yaya ya ci gaba da kawo shayinsa, amma yanzu mu uku ne, kuma duk tambayarsa a kan shuɗin take. Me ya sa yake hawowa sama? Nakan amsa cewa yana shaƙar iska ne daga saman ruwa, shi ya sa ba ya buƙatar inji. Kafin in rufe baki ta riga ta jefa wani wasan, sun fashe da dariya.

Wata safiya na ga gefen jelarsa ya yi zare-zare. Na tsaya na lura. Wani ƙaramin namijin gupi ya zagayo ta baya, ya tsinki jelar ya gudu. Can wani ya biyo shi. Babu littafin da na karanta da ya gaya mini haka.

Na kira yaya. Na yi ƙoƙarin ɓoye daɗin da ke cikin muryata, ban sani ba ko na iya.

"Ai na faɗa ba za su zauna tare ba."

Tobashiyata ta leƙa ta ce, "Halinki suka ɗauko. Shiru-shiru, sai cizo ta baya."

A ranar yaya ya je butik, kantin unguwa, ya karɓo babbar kwalbar alewa, ya wanke ta, ya roƙi ruwan bokitina. Aka ajiye shuɗin kifin a kan taga a ɗakinta. Akwatina ya dawo nawa ni kaɗai, kamar yadda na so.

Da la'asar na share ƙofar ɗakina na shimfiɗa tabarma. Na ji ƙarar kofunan shayi, sai na ji ta tsaya a ɗaya gefen tsakar gidan. Wai yaya yana so ya ga ko jelar za ta warke. Haka aka yi ta yi har hutunsa ya ƙare. Ni ina zaune da littafi a buɗe, ina jin dariyarsu, ban juya shafi ba.

Ranar da zai koma Djado ya tsaya a ƙofata da jakarsa.

"Ƙanwata, ke kika yi gaskiya," ya ce. "Don Allah ki riƙa canza wa nata ruwa. Kin san ta, za ta kashe shi. Ke kaɗai na yarda da ke a kan wannan."

Na ce to. Har yau ban san ko yabo ne ba. Na ɗauki bokiti na nufi ɗakinta, na tarar da ita tana sanye da ɗankwalina.