Da Fuskata Aka Ba Da Hayar Gidan Hajiya

Ban taɓa son ganin kaina a hoto ba. Allah ya ba ni hanci irin wanda yake cika rabin gilashin waya, ga haƙori guda da ya karye tun ina tuƙa taksi. Amma dillancin gidaje a Yamai ya canza, ni kuma ba ni da wata gona. A da, mai neman gida zai same mu a fadarmu ta unguwar Kalley, ƙarƙashin bishiya inda muke shan shayi, in goya shi a babur mu zaga gida uku ko huɗu. Yanzu kowa daga inda yake zaune sai ya ce, "Turo mini bidiyo." Dole na koya. Ina farawa da fuskata, in yi sallama, sannan in bi ɗaki ɗaki ina bayani. In buɗe famfo a ga ruwa, in kunna fitila a ga wuta, idan bango ya tsage in nuna tsagar, don ba na son a zo ana yi mini kallon maƙaryaci.

Abu ɗaya ne ba ya shiga bidiyo: ƙofar waje da titi. Dokar sana'armu ke nan. Dillali ba ya nuna ƙofa, ko ga ɗan'uwansa dillali, don kada a tsallake shi a je wajen mai gida a cinye la'ada. Muna tura wa juna bidiyo, wanda ya samo mai so a raba da shi, amma inda gidan yake yana cikin zuciyar wanda aka ba makulli.

Ni na koya wa aminina wannan doka da bakina. Ƙauyenmu ɗaya a ƙasar Maradi, mota ɗaya ta kawo mu Yamai, ɗaki ɗaya muka kama a Kalley, muna cin garin rogo a kwano ɗaya. Shi tela ne, har idonsa ya fara gaza zura zare a allura, sai na jawo shi cikin dillanci. Ranar aurensa ni ne babban aboki. Idan aka tambaye ni wa nake da shi a garin nan bayan iyalina, shi nake fara ambata.

Akwai wata Hajiya, Bazabarmiya, mijinta ya rasu ya bar mata gidajen haya uku a unguwar Talladje. Shekara goma sha ɗaya makullanta suna aljihuna, ba takarda tsakaninmu, ba sa hannu. Rabin masu gidajen da nake yi wa aiki ta hanyarta na san su, don idan ta ce wa mace 'yar'uwarta "ba shi makulli," an gama magana. A ƙarshen daminar nan ɗan hayarta ya tashi daga ɗaya daga cikin gidajen. Aka yi fenti, na ɗauki bidiyo. Aminina ya ce yana da mai so, na tura masa kamar kullum. Bayan kwana biyu muna dawowa daga wani suna a unguwar, yana bayana a babur, na tuna mai fenti ya bar taga a buɗe ga hadari ya haɗo. Na tsaya a ƙofar gidan na shiga na rufe, shi yana waje yana riƙe mini babur. Ko a raina ban ji na karya wata doka ba. Wa zai ɓoye wa hannun damansa ƙofa?

Saura mako guda a koma makaranta, da hantsi, Hajiya ta kira ni. Ba gaisuwa. "Zo Talladje yanzu."

Tun daga kwana na hango babbar mota a ƙofar gidan, an lafta mata gadaje da katifu da buhunan hatsi. Wata mata da 'ya'yanta suna zaune a inuwar katanga, ƙafafunsu sun kumbura da zaman mota. Hajiya tana tsaye da carbinta. Kafin in kashe babur wani mutum ya taho da murmushi har kunne, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kai ne! Wallahi na gane ka tun daga nesa. Ina ƙanen naka? Tun jiya salularshi a kashe."

Ba ni da ƙane a Yamai. Na faɗa masa haka, na ga murmushin yana sauka a hankali.

Malamin makaranta ne, irin waɗanda muke kira mushe, an yi masa canjin aiki daga Damagaram. A intanet ya ga tallar gidan da bidiyona. Da ya kira lambar da ke ƙasa, wani ya ce masa shi ƙanena ne, shi ke riƙe mini waya saboda ni ban iya rubutu ba. Wannan ma ƙarya ce, na yi aji shida. Kuma mushe ba sakarai ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ƙi tura ko dala sai an ga gida. Aka yi masa kwatance tiryan-tiryan, ya aiko wan matarsa da ke nan Yamai. Mutumin ya zo ya tarar da gida a kulle, sabon fenti, ba kowa ciki. Ya tsallaka wurin mai shagon da ke kallon ƙofar, ya nuna masa fuskata a waya ya ce ko ya san ni. Mai shago ya ce, "Wanga? Rufe ido ka ba shi kuɗinka. Shekara goma muna tare, bai taɓa cin na kowa ba." A ranar mushe ya tura kuɗin wata uku da na ajiya ta waya, ya sallami gidan da yake ciki, ya ɗauko iyalinsa.

"Ga muryarshi ma," in ji shi. Ya danna saƙon.

An fara da gyaran murya sau biyu, ƙanana, irin wanda mutum ɗaya na sani yana yi duk lokacin da zai yi maganar kuɗi. Shekara ashirin ina tsokanarsa a kan wannan tarin. Sai muryar ta ce, "Yayana mutum ne mai amana, mushe, tambayi kowa a Talladje." Na dafa babur. Ban taɓa jin an yabe ni na ji kamar an watsa mini ruwan zafi ba sai ranar.

"Ka san shi?" in ji mushe.

Na ce na san shi.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta dubi matar da yaran, ta ce, "Ba a barin mace da ɗiya bisa titi. Buɗe musu." Na buɗe, aka fara sauke kaya. Ta ce wa mushe ya zauna tukuna, maganar haya sai ya huta. Sannan ta juyo gare ni.

"Na san ba kai ka ci ba. Amma wa ya kawo mai muryar nan ƙofata?"

Ta miƙo hannu, na sa mata makullin. Hannun bai koma ba. Na ciro sauran biyun daga zobe, farcena har ya karye wajen cirewa, na ba ta. Ta ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri da Zabarmanci, ta ɗaure su a bakin mayafinta.

Na yi zaton aminina ya gudu. Da la'asar na same shi a fada, zaune a kujerarsa, shi ne ma ke zuba shayi. Na ce ya taso. Muka koma bayan wani kanti, na kunna masa saƙon da mushe ya turo mini. Bai musa ba, bai ma nemi musawa ba.

"Matsi ne, aboki. Za a maida. Kuma kai mi aka taɓa maka? Ko dala ba ta fita aljihunka ba."

Na ce, "To don mi ba ka yi da naka bidiyon ba? Kai ma kana da fuska."

Ya yi 'yar dariya, irin ta mai faɗa wa aboki abin da zai ji daɗi. "Na gwada, ba wanda ya kula. Kai taka fuskar ta masu gaskiya ce. Mutane na ganin ka suke yarda."

Ina da zuciya, duk fada an sani, na taɓa marin wani a kan ya kira ni ɓarawo da wasa. Amma ranar hannuna ya ƙi tashi. Da zagina ya yi da na san abin yi. Shekara ashirin ina tara abu guda, ban gina gida ba, ban sayi fili ba, sai dai a ce mutumin nan ba ya cuta. Ashe yana gefe yana kallon abin nan kamar yadda mahauci ke kallon rago. Ya ci amanata, kuma ya ci ta da sanin darajarta, don ba wanda ya san ta kamarsa.

Mushe ya kai ƙara, aka kira ni, na faɗi abin da na sani ban rage ba. A can na ji ba mushe kaɗai ba ne, akwai wasu da aka yi wa da bidiyon wasu gidajen, dukansu da fuskata a ciki. Matar aminina ta zo gidana ta yi kuka a gaban matata. A ƙauye labarin da ya isa shi ne na kai ɗan'uwana hannun hukuma, ba wanda ya tambayi dalili. Masu gidajen da Hajiya ta haɗa ni da su ba su ce na yi laifi ba. Ɗaya bayan ɗaya dai suka riƙa tuna cewa suna da wani ɗa ko ƙane da zai kula musu da gida.

Yanzu duk bidiyon da zan ɗauka sai na faɗi lambata da bakina a farko da tsakiya da ƙarshe, in ce ba ni da ƙane, ba ni da wakili, kada kowa ya tura kuɗi sai ya tsaya cikin gidan da ƙafarsa ya ga mai gida ido da ido. Abokan sana'a suna yi mini dariya wai na koma mai wa'azi. Su yi.

Bayan wata biyar na samu wani ɗan gida a layin gidan Hajiya na Talladje, na kai wata mata ma'aikaciyar asibiti ta gani. Gidan ya yi mata. Ta ce in yi haƙuri, zamani ya lalace, za ta ɗan tambaya a kaina. Na ce ta kyauta, haka ake so. Ta tsallaka wurin mai shagon nan, ina tsaye jikin babur ina jin su. Ta nuna ni da hannu ta ce, "Malam, ka san wancan dillalin?"

Mai shago ya ɗago ya dube ni. Mutumin da na sha zama a bencinsa, na je sunan 'ya'yansa biyu. Ya mayar da idonsa kan sukarin da yake ƙullawa a leda.

"Ina dai ganin shi yana wucewa," in ji shi.

Matar ta dawo ta ce za ta yi shawara da maigidanta, za ta kira ni. Na ce to, Allah ya kai mu. Na san ba za ta kira ba, kuma ban ga laifin kowa a cikinsu ba.