Kwalbar da Anti Saratu Ta Hana a Buɗe

Shekara tara ke nan da muka binne yayana Bitrus a Birmingham, amma sai ranar Lahadin da ta wuce muka gama shan abin da ya bar mana.

Yaya Bitrus ya yi shekara ashirin yana hidimar tebur a wani otal a unguwar Edgbaston. Can ya san jan ruwan inabi, ya kuma dame mu da zancensa. Mu da muka tashi da zoɓo da kunun zaƙi, duk wani abu ja a kwalba ɗaya ne a wurinmu. Ranar da ya fara kawo na kirki gida, ni ce na jefa ƙanƙara a kofina na ƙara lemo. Sai ya dafe kai.

Wanda ya fi so shi ne haɗin inabi iri biyu, Cabernet da Merlot. Yakan ce Cabernet ne mai taurin kai, Merlot ke lallashinsa. Yana sabo bauri gare shi kamar ɗanyen goro, ya kama maka dasashi. In ka kwantar da kwalbar a wuri mai sanyi da duhu ka ƙyale ta, baurin zai lafa, jan ya sirka da ruwan ƙasa, ƙamshin ya yi zurfi. Na ce masa ai kansa yake siffantawa, don shi ma sai da ya haura hamsin aka fara jin daɗin zama da shi. Ya yi dariya har da tari.

Kafin ciwo ya kama shi ya kwantar da kwalba shida ƙarƙashin matakala a gidansa na Perry Barr. Ya ja mana kunne cewa mutanenmu suna zaton abin yana ta ƙara daɗi ne har abada, alhali yana da ganiyarsa. Wannan, in ya wuce shekara goma sha biyar, sai gangara. Bayan rasuwarsa mun sha biyar, kowace a ranar farin ciki. Ta shida matarsa Saratu ta hana a taɓa. Ko auren 'yarsu Rahila bai sa ta sauko ba, ga lokacin kwalbar yana ƙurewa.

Ranar Lahadi aka kai jaririyar Rahila coci don godiya. Na taso daga Manchester da niyyata. Bayan an ci tuwo na ja Saratu gefe.

"Anti, kwalbar nan ta kusa wuce lokacinta. In ta lalace, me za mu ce wa Yaya?"

"Ladi, please, ki bar ni," ta ce. "In ta ƙare, me kuma ya rage mini nasa a gidan nan?"

Sai ga Rahila ta shigo da jaririyar tana tsala kuka, goshi a tamke irin na kakanta Bitrus sak. Saratu ta dube ta, ta fashe da dariya, ta ce a ɗauko.

Toshiyar kwalbar ta marmashe a hannun mijin Rahila, dole muka tace da matacin kunu. Da Yaya yana nan da ya sume. Amma abin ya yi! Laushi, ƙamshi kamar na busasshen dabino da tsohon itace. Na yi kewarsa ƙwarai, na kuma ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Ina jin da ya ga gidansa cike haka, da ya yafe mana matacin.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne ya koya mana jira, ya kuma koya mana sanin ranar da jira ya isa.

Washegari wayata ta yi ƙara. Saratu ce, daga kanti.

"Ladi, yaya sunan inabin nan mai taurin kai? Sabo nake so, mai bauri sosai, in kwantar wa jikata. Na ga yarinyar nan za ta ɗauki lokaci."