Kwalbar Ruwa a Teburin Masu Kasafi

Ƙarfe sha ɗaya da kwata, a zauren taro na Ƙaraye, ma'aikatan kasafin kuɗi daga Kano suna rubuta buƙatun jama'a na baɗi. Ga wata doguwar dattijuwa, dugaduganta duk faso. Ina zaton jikoki take riƙo. Ba ta zo da takarda ba. Kwalba ta zaro, ruwan ciki kamar kunun kanwa, ta dire kan takardunsu.

"Ɗan nan, shi muke sha a rugarmu. Rubuta rijiya."

Jami'in da ke gabanta ya ce, "Inna, sai an tantance."

Zamaninmu a makarantar mishan, ko inuwar teburin jami'i ba ma takawa. Ita kuwa ta buɗe, ta kurɓa, ta miƙa masa. Na riƙe baki.

Bai sha ba. Biro ya ɗauka.