Langar Inna a Gareji

Gidanmu na Daura yana da gareji, amma mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Baban yara ne ya mayar da shi wurin gyaran injin ban-ruwa da na markaɗe. Shekara da shekaru kayan aikinsa a ƙasa suke zube, sifana nan, filaya can, sai ka rantse kaji ne suka yi tono. Lokacin da wani noti ɗan mitsitsi ya ɓace masa, ya kwana uku yana nema yana huci, a nan ne ya ce shi kam ya tuba, zai shirya garejin nan.

Da fari har yaba masa na yi. Ya yanka tsofaffin jarkoki gida biyu, ya jera su a kan katako. Ya kafa ƙusoshi a bango, ya zana siffar kowace sifana da gawayi don ta san wurinta. Gwangwanayen madara kuwa, ya bi maƙwabta ya tattaro su kaf.

To, shiri ya yi daɗi, mazubi ya ƙare, sai ido ya dawo madafina. Kwalbar yajina ce ta fara tafiya. Na same ta a gareji, an buga murfinta da ƙusa a ƙarƙashin kantar da yake jera kaya, ita kuma tana lilo cike da wosha. Bayanta robar gishiri ta bi, sai ta daddawa. In na yi magana ya ce, “Haba maman yara, ai aro na yi.” Aron da ba ya dawowa! Na ƙyale shi, don roba ba abin da za a ɗaga murya a kai ba ce.

Amma akwai langa guda a saman kabet ɗina, fara mai jan baki da koren fure, wadda Inna mahaifiyata ta sa mini a jere. Ita ma uwarta ce ta ba ta. Ba na zuba komai a ciki sai in Inna ta zo daga Baure. Ba ta shan fura a gidana sai a cikinta, kuma kafin ta sha sai ta juya ta a hannu ta duba, ta ce, “Madalla, kina riƙo.” Wannan kalma, wallahi, ta fi mini sabon zane.

Ranar Litinin aka kira ni aka ce Inna na tafe Juma’a. Na hau kujera zan sauko da langa in wanke, na tarar da wurin wayam. Ban tambayi kowa ba. Na zari mayafi na nufi gareji.

Ga ta nan a tsakiyar kantar kayansa kamar amarya, cike da notuna da wasu ƙananan ƙarafa, an jiƙa su da fetur.

“Malam, mene ne wannan?”

Ko ɗagowa bai yi ba. “Kayan injin wani manomi ne. Murfinta na kamawa da kyau, fetur ba ya tashi. Kwana biyu kawai.”

“Langar Inna ce fa!”

“Ai ba cinye ta zan yi ba.”

Ba cinye ta zai yi ba! Gaskiya ita ce da na ga dama, a take zan juye masa ƙarafansa a ƙasa in ɗauki abata in wanke. Amma ni da zuciya, na ce a raina, to, za ka ci kuwa.

A layinmu magidanta ciyayya suke yi. Bayan Magariba kowa ya fito da abincin gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar garejinmu, a haɗu a ci tare. Can ake gane matar da ta iya miya, kuma baban yara ba ƙaramin taƙama yake da tuwona ba. Ranar Laraba, yana tafiya masallaci, na shiga garejin na tsiyaye fetur ɗin, na bar ƙarafan a ciki, na rufe, na ɗaure langar tsaf a cikin ƙyalle. Na ajiye ta a zaure, kusa da kwanon miyar kuka mai zafi har da man shanu.

Ya dawo ya ɗauka. “Kai, yau tuwon da nauyi.”

Na ce, “Na dawa ne, ya tuƙu.”

Na laɓe bayan ƙofa, ina toshe baki da mayafi. Na ji yana ce wa mutane su matso, yau gidansa an yi bajinta. Ya kwance ƙyalle, ya ɗaga murfi. Kowa ya zuba ido. Sai wani dattijo maƙwabcinmu, tela ne, bakinsa ba ya shiru, ya leƙa ya ce, “Malam, wannan da hannu ake ci ko da sifana?”

Wayyo, dariya! Wani har da tari. Wani ya ce a zuba masa miya a kan wosha biyu ya ɗanɗana. Ni kuwa a bayan ƙofa hawaye nake yi don daɗi. Baban yara ya miƙe a fusace zai shigo da langar, santsin fetur ya ƙwace masa ita, ta daki bakin dakali. Ƙarar da na ji ta tsayar mini da dariya cak.

Ya shigo ya miƙo mini. Fentin gefenta ya ɓalle, faɗin kwabo, baƙin ƙarfe ya fito.

Alhamis gaba ɗaya a kanta na ƙare. Na wanke da toka, na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, na shanya a rana, na sake. Shi ma ya rusuna a gefe yana ba da shawara, wai a shafa farin fenti. Kallo ɗaya na yi masa ya koma garejinsa.

Inna ta iso Juma’a da hantsi. Surukin nata ya gaishe ta daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya sulale tun kafin ta gama amsawa. Na dama fura, na kawo a langar, na juya ɓallin ya fuskance ni. Dabarar banza. Ta ɗauka ta juya kamar kullum, yatsanta ya tsaya a wurin. Ta kai hanci ta shinshina. Na fara, “Inna, ai shi ne ya...”

“Shi ya hau kabet ya ɗauka, na ji. Faɗuwar fa?”

Fetur nasa ne, amma ɓallin nawa ne, kuma ba zan iya yi mata ƙarya ba. Na ba ta labarin ciyayya. Na ga bakinta ya motsa a wurin maganar tela, ta danne. Sannan ta ture langar gabana a hankali.

“Kai masa abarsa. Kwanon da ya sha fetur ba ya komawa fura. Ba ni kofi.”

A kofin roba ta sha. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ƙara zuwa gidana sau da yawa kafin Allah ya karɓi abarsa, ba ta sake tambayar langar ba, ni kuma ban sake jin “kina riƙo” daga bakinta ba.

Ranar da ta koma Baure na kai masa langar gareji, na dangwarar da ita a kan kantar kayansa, na ce, “Ga ta nan, ka zuba abin da ka ga dama.” Har yau tana wurin, tsakanin jarkoki da gwangwanaye, kowanne cike fal. Duk ranar Juma’a yakan goge mata ƙura, kuma bai taɓa sa ko ƙusa ɗaya a ciki ba.